Ranar da Dodo Ya Cire Fuska

…kuma ba ta mutu a kicin ba. Ato! Yarinyar da ke cikin talabijin ta sunkuya daidai lokacin da wuƙar ta taso, wuƙar ta wuce ta saman kanta ta kafe a jikin kabad. Ita kuwa da ke zaune nan kan kujerar roba, a ƙuryar shagon mai gyaran waya da talabijin, babban yatsanta a kan maɓalli, saura kaɗan ta miƙe ta daka tsalle. Tsofai-tsofai da ita, da ciwon gwiwa da komai.

Yo ba dole ba? Yarinyar nan ita ce. Ita ce ɗin, shekara talatin da ɗoriya baya, cikin farar rigar nas, ga wuya, ga ido, ga ƙugun da yanzu ko labarinsa babu. Mai Ihu. Sunan da 'yan aikin suka laƙa mata ke nan, don ranar gwaji ita kaɗai ce ta ƙwala ihun da ya sa mai gadin ginin ya faɗo ɗakin da sanda. Darakta ya ce shi ke nan, a sallami sauran.

Ba fim ba ne — sau nawa za ta gaya wa mutane? — ba kuma irin wasan yaran yanzu ba ne da ake zana mutane a kwamfuta. Mutane ne na gaske aka ɗauka a kyamara, aka yayyanka, aka zuba a faifai. Hoto na tafiya, sai ya tsaya cak, wani jan layi ya fito a ƙasa yana raguwa, kai mai riƙe da abin dannawa ka zaɓa mata: hagu, dama, sunkuya, gudu. Ka dace, ta rayu. Ka yi nawa, ko ka kuskure… to, sai ka sha kallon yadda ake mutuwa.

Ta kuwa mutu! Ta mutu a kicin, ta mutu a banɗaki kanta cikin baho, ta rikito daga bene, fanka ta faɗo mata a ka, akwai ma wadda labule ne ya shaƙe ta — labule, jama'a! Jinin kuwa ruwan sukari ne da jan kala, da an gama ɗauka sai ta tashi tururuwa na bin wuyanta. Wace mace ce a duniya ta mutu kamar ita, ta wanke fuska, ta bi motar haya ta koma gida?

Matakala yanzu. Natsu, natsu. Akwai ruɓaɓɓen katako a tsakiya… ga jan layin… yarinyar ta saci kallon bango… dama! Ta manne da bango, katakon ya rufta shi kaɗai. Madalla da ke, 'yar nan. Madalla da ni.

Yaya, kana gani?

Da yayanta take. Kullum da shi take in ta shiga irin wannan hali, duk da ya daɗe a ƙasa. Ga shi can ma a saman matakalar, dogo, kafaɗu sun cika ƙofa, fuskar roba fara fat ba baki, sai ramukan ido. Dodon wasan. Labarin ai ba mai tsawo ba ne: nas ce aka ɗauko ta jinyar wani attajiri a tsohon gidan bene, ta yaye bargo ta tarar ba kowa a gadon, sai rikoda tana tari. Ƙofar waje ta kulle kanta. Wannan dogon kuma ya hau bin ta ɗaki-ɗaki, ba ya magana, hannu kawai yake miƙowa. Duk mutuwar da za ta yi, abu na ƙarshe da ake gani hannun nan ne, sai allo ya yi jajir.

Yaya mai gyaran wuta ne fa, ba ɗan wasa ba. Ita ta kawo shi ya haɗa musu fitilu. Darakta ya ɗaga kai zai ce masa ya sauko daga tsani, ya ga ashe ba tsani, tsayinsa ne. Mutumin da in an ɗaga kyamara a gida nan take zai tuna akwai wata waya da bai ɗaure ba a bayan ɗaki… "Fuska a rufe?" ya ce. "To, na yarda." Shi ya sa duk duniya hotonsa ɗaya ne, na katin shaida, ya murtuke fuska sai ka ce an kama shi da kayan sata. Wannan hoton 'yarsa ta tashi tana ce wa Baba.

Ga ta nan tsaye a bayan kujera, 'yar tasa. Malamar lissafi, da ƙurar alli a hannun riga, ta fito hutun tsakar rana, ta ɗaga waya tana ɗaukar talabijin ɗin, wai ko da wani abu zai fito. Ko da! Tana ciki ya rasu. Zazzaɓi na 'yan kwanaki, ƙato kamar wannan, shi ke nan. Ba ta taɓa ganin bakinsa ya motsa ba. Ba ta san yadda yake juya kai in an kira shi ba.

Ita kuwa Gwaggo tun yarinyar na rarrafe take gaya mata: akwai ƙarshe mai kyau. Akwai inda nas ke fita daga gidan da ranta, rana ta haske ta, dodo ya biyo ta har bakin ƙofa ya cire fuskar roba, babanki ne, yana dariya. Ni ce a gabansa aka ɗauka. Da yarinyar na ƙarama sai ta ce, "Sake faɗa, Gwaggo." Da ta girma sai ta ce, "To, Gwaggo." Wannan "to" ɗin, a hankali, da tausayi a ciki… wallahi gara a zage ta.

Laifin yarinyar ne? Ba wanda ya taɓa ganin ƙarshen. Kamfanin ya rushe tun faifan bai zagaya ba, 'yan tsirarun da suka saya suka buga har suka gaji, masu son tsofaffin wasanni a intanet har suna suka sa masa, wasan da ba a cinyewa. Wai darakta da gangan ya yi, wai yana nufin mutuwa ba ta da ƙofar fita. Shi ɗin? Mutumin da sai an kunna fitilu yake fara tunanin abin da za a ɗauka? A gida kuwa abin ya zama na tsokana, Gwaggo da dodonta. Da an taru sai wani ya ce, Gwaggo, ya labarin dodo, ya cire fuskar kuwa?

Har ita ma… e, har ita. Wani lokaci tana wanke-wanke sai ta tsaya da kwano a hannu. An ɗauka kuwa? Ko an ɗauka ba a sa a faifan ba? Ko ita ce ta kitsa abinta don marainiya ta samu abin riƙewa? Don dariyar ta ɓace mata. Wannan shi ne abin da ke ci mata rai. Ta san ya yi dariya, ta san yana yawan yi, amma sautinta, yadda take farawa, yadda take ƙarewa… shiru. Ta tono kanta ta tono, ba ko ɓurɓushi.

Amma wa ya nemo na'urar buga faifan? Wa ya bi shago-shago, ya yi ta buga waya, har aka samo wannan tsohuwar mai kama da akwatin takalmi? Ita ce, mai "to, Gwaggo" ɗin. Ta ɗauko ta rungume a ƙirji ta ce, "Ina faifan naki?" tana kallon wani wuri. Ai ɗan'uwanta ne ya haife ta, ba za ta taɓa cewa tana so ba.

Ɗakin wanki! Kai, hira za ta kashe ta. Zannuwa a shanye, inuwa a bayan kowanne… jan layi… yarinyar ta kalli ƙasa… sunkuya! Igiyar shanya ta tsinke ta wuce fiu. Mai gyara ya buga cinya daga inda yake tsugune, yana fifita da kwali. Na'urar yake wa fifita, ba Gwaggo ba.

Sirrin ke nan, ido. Tsarin darakta ne, kuma a nan kam ya yi hankali: kafin kowane zaɓi ki ɗan saci kallon hanyar tsira, kaɗan, kamar ba da gangan ba. Wanda ke kallon dodo zai mutu, wanda ke kallon idon yarinyar zai rayu. Ta sha faɗa a kai. "Mai Ihu, satar kallo na ce, ba nuni ba! Sake!" Har gida ta koma da ɗabi'ar, mijinta, Allah ya jiƙansa, ya taɓa tambayarta wai me ya sa take yawan kallon ƙofa in yana magana.

Duk mai wayo yana gano wannan. Mai gyara ma ya gano, shi ya buga a makon jiya, ya bi ido tiryan-tiryan har lungun ƙarshe. Lungun nan shi ne mugun. Mararraba bayan mararraba, gudu ba tsayawa, kuma in ka kuskure ba nan take za ka mutu ba. Sai ka kai ƙarshe ka tarar da bango, hannu ya miƙo, allo ya yi ja, ba ka san inda ka ɓata ba. Ya bi ido bai saɓa ko ɗaya ba, ita shaida ce — a'a, ba shaida ba ce, ta rufe ido. Kullum a lungun nan rufe ido take. Amma ya rantse, 'yar ma ta gani. Kuma bango ya tarar.

Sai na'urar ta shaƙe. Ƙar-ƙar-ƙar, warin roba ya tashi, allo ya yi baƙi. Da ƙyar ya farfaɗo da ita. Ya ɗaga faifan a hasken taga ya nuna musu: azurfar jikinsa na ɓarewa daga baki, daidai inda mutuwar lungun take. Ya gwada kwafewa, ya ƙi kwafuwa. "Hajiya," ya ce, "mutuwar sauran ɗakunan ba komai, a lafiyayyen wuri take. Amma in ya sake taka wannan, ban yi miki alkawarin zai tashi ba." Yau da aka zo kuwa sai ya ɓoye hannuwa a baya, wai shi ba zai zama wanda ya kashe shi ba. Malamar lissafi ma ta girgiza kai. To! Mai mutuwar ta karɓi abinta. Tun ɗazu take nan tana shan wuƙa a kicin har yatsa ya koyi hanya.

Ɗakin attajirin… rikoda na tari… kar ki taɓa bargon, shashasha, gudu! Ta tsere. Ga ƙofar ƙarfen. Ga lungun.

Wayyo Allah… a'a. Ba wayyo yau. Ido buɗe. Ga sabon gilashi ma da aka yanka mata bayan aikin ido, komai tar take gani, har ƙurajen da hoda ta kasa rufewa a goshin yarinyar.

Ta san abin da ke sa ta rufe ido. Ba dodon ba ne. Dodon da ta sha gani yana cin abinci da fuskar a ɗage kan goshi, yana roƙonta ta ƙara masa nata? Numfashin ne. Ba a yi masa sautin ƙarya ba, nasa ne makirfo ya ɗauka, yana gudu cikin roba, hah… hah… da ɗan fito a ƙarshe. Irinsa ya yi a gadon asibiti, tana riƙe da ƙafarsa, matarsa da tsohon ciki a bakin ƙofa an hana ta shiga, fanka na juyawa, hah… hah… Ga shi nan. Ga shi nan tafe a bayanta. Yaya, bari, ba yanzu ba, aiki nake.

Mararraba. Ido — hagu. Hagu! Ta wuce. Mararraba. Ido — dama…

Lungu ɗaya ne fa, kaf ɗinsu. Abin dariya! Lungu ɗaya tal a bayan wani tsohon sito, shi suka yi ta ɗauka: a matsar da kabad, a rataya hoto, a cire hoto, a canja kwan fitila, ta sake gudu. Yaya ke canja kwan, da rigar dodo a jikinsa, tunda shi ba ya bukatar tsani. Mai haɗa hoto kuwa, ɗan siririn nan mai tari, kullum cikin mita: kowa zai gane lungu ɗaya ne, kowa zai gane, ni za a zaga…

Dama! Ta wuce. Mararraba —

Af.

Hoton ya tsaya, jan layi ya fito, yarinyar ta juyo, fuska ta cika allo… kuma ta yi kyau. A'a, ba kyau ba. Ita ce. Tun ɗazu yarinyar nan ke mata kama da wata 'yar'uwa, kamar ita kamar ba ita ba, yadda mutum ke ganin kansa a hoto ya ce kai, haka nake? Amma wannan… wannan ce fuskar da ta sani. Wadda take gaisawa da ita kowace safiya. A ina?

Jan layin na raguwa. "Dama, Gwaggo," in ji 'yar a bayanta. "Dama ta kalla."

Tabon.

Tabon gira — gwangwanin madara, tana 'yar mitsitsiya, Yaya yana koya mata jifa, jini har cikin ido, shi ya fi ta kuka, ya goya ta har kemis yana cewa kar ki faɗa, kar ki faɗa, ta kuwa faɗa tun daga ƙofar gida — tabon nan duk tsawon wasan yana wancan gefen allo. Yanzu ya dawo nan. Inda take ganinsa a madubi.

Madubi! Ɗan siririn nan! Juya hoton ya yi! Don kar a gane lungu ɗaya ne ya kifa shi, hagu ta koma dama. Shi kuwa mai haɗa wasan a kwamfuta yana can wani gari, ko lungun bai taɓa gani ba, abin da darakta ya gaya masa a waya shi ya ɗora. Hagu aka ɗauka. Hagu na kalla, wallahi hagu, a nan ne ma na bugi gwiwa da kabad —

"Gwaggo, dama!"

Hagu.

Mai gyara ya saki kwalin. 'Yar ta ja numfashi kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ba abin da ya nuna a allo, ai lungun ba ya gaya maka. Yarinyar dai na gudu, dodo na bin ta, kabad, bango, kwan fitila na lilo. In ta yi kuskure ta kashe faifan da hannunta. Ta kashe shi a gaban 'yarsa, da taurin kai, bayan an gaya mata dama har da ihu. To, ta ji, ta ɗauka. Amma ba ta yi kuskure ba! Fuskarta ce, wa zai gaya mata inda tabonta yake?

Mararraba. Ba ido ba, tabo tukuna. Wancan gefen — lafiya lau, a bi ido. Dama. Mararraba. Tabo… wancan gefen. Hagu. Zo mana! Ku zo dukanku! Shekara da shekaru samari masu saurin yatsa a nan suke zubewa, ba laifinsu ba ne, Allah sarki, su ba su ne suka sha gwangwanin ba. Ga tsohuwa mai hawan jini tana ratsawa kamar tsakar ɗakinta. Yaya, ka ga amfanin jifanka? Ka ga abin da ka yi ta kuka a kai?

Mararraba. Tabo — ya sake dawowa nan! Na kama ka, ɗan siriri! Ashe har da wannan ka kifa, ɗan banza, Allah ya yafe maka in kana raye, in ba ka raye ma ya yafe maka. Ido na hagu, yatsa dama. Hannun 'yar ne kawai ya sauko kan kafaɗarta ya damƙe.

Na'urar ta canja murya. Zir… zir… tana laluben wani wuri a faifan da ba ta taɓa zuwa ba. Allo baƙi. Baƙi har yanzu. Warin roba ne wannan, ko tsoro ne? Mai gyara ya ɗauki kwalinsa yana fifita da hannu biyu, leɓensa na motsi. Bango ko ƙofa? Yaya… Yaya, bango ko ƙofa?

Haske.

Ƙofa ce! Ƙofa, da rana a bayanta, hoton tas ko ɗigo babu, sai ka ce jiya aka ɗauka. Yarinyar ta banke ta ta faɗa waje kan ciyawa, tana haki, farar riga duk jan sukari. Akwai! Akwai shi! Ban yi ƙarya ba! Sai da ta ji shagon ya ɗauka ta gane da baki ta faɗa, har masu jiran gyaran waya a waje suka leƙo. Mai Ihu dai, Mai Ihu. Su leƙo mana! A kira kowa ma! A kira masu cewa Gwaggo da dodonta, a jera musu kujeru!

Wayar ta karkace a hannun 'yar, tana neman ɗaukar siminti. Mai gyara, Allah ya yi masa albarka, ya ajiye kwali ya zare ta a hankali ya ɗaga. To yanzu wa zai yi fifita? Oho. Ba lokacin wannan ba ne.

Hoton ya koma baya, guntu-guntu: kicin, banɗaki, matakala, ɗakin wanki, amma daga wani gefen daban. Ga wani tsoho cikin rigar barci tsaye a bayan yarinyar kowane lokaci — attajirin! Shi ne mai wuƙar, shi ne mai labulen. Hannun dodo kuwa ba shaƙe ta yake zuwa yi ba. Fizge ta yake son yi, kullum yana makara. Ta manta da wannan! Wallahi ta manta. Duk mutuwar nan da ta sha, ashe miƙo mata hannu yake… Darakta, ashe kana da kai. Na janye rabin abin da na faɗa a kanka.

Ga shi a bakin ƙofa. Ya sunkuyar da kai don kar ya bugi katako. Ya tsaya. Ya sa hannu ƙarƙashin haɓa…

Magana ɗaya aka ba shi. Kin tsira. Shi ke nan fa, ya cire fuska, ya kalle ta da nauyi, ya ce kin tsira. Aka ɗauka, ya yi dariya. Aka sake, ya yi dariya. Darakta ya yi jifa da hula, kaset na ƙarewa, rana na tafiya, ita kuma tana kwance kan ciyawa ta ba kyamara baya tana yi wa Yaya gwalo, ba wanda ya gani sai shi. Ƙarshe darakta ya ce a bar shi haka, wa ma zai kai nan?

Ni. Ni na kai.

Robar ta ɗago. Gumi. Gashi ya kwanta. Ga hancin, ga wushiryar, ga kunnen nan da ya fi ɗan'uwansa fitowa… yaro. Yaro ne! Ita da ke ta Yaya, Yaya, ashe ɗan yaro ne, ko shekarun 'yar da ke tsaye nan bai kai ba. Ya buɗe baki. "Kin…" Leɓe ya fara rawa. Ya kalli ƙasa, ya sake ɗagowa. "Kin tsi…"

Sai ta ɓalle. Ta hanci ta fara, hm-hm-hm, kamar mai danne atishawa, sannan kafaɗu suka ɗauka, sannan ya kai bayan hannu ya toshe baki, ta ƙwace ta fito duk da haka, ta ƙare da 'yar shaƙuwa, hik.

Hannun da ke kafaɗarta ya saki. 'Yar ta zagayo ta durƙusa gaban talabijin, fuska sharkaf da hawaye, ƙurar alli har a kumatu. "Baba," ta ce. "Kai, Baba, ka kasa faɗa." Sai ita ma… ta hanci. Hm-hm-hm. Kafaɗu. Bayan hannu a baki.

Hik.

Tsaya. Wanne ne na talabijin?

Ba tunawa ta yi ba. Ba wani abu ne ya dawo daga nesa ba. Ta san wannan dariyar, jiya ma ta ji ta — jiya, a mota, da ta yi ta neman gilashinta yana bisa kanta. A kicin ɗinta ta ji ta, a waya ta ji ta, tun yarinyar na tsayin tebur. Shekara talatin tana kukan dariyar ta ɓace, tana tono, tana zargin ƙwaƙwalwarta, alhali kowane mako tana shigowa gidanta, ta cire takalmi, ta buɗe firji ba tambaya… Yaya, ka san da haka? Ka san ka bar ta a nan, ka ƙyale ni ina nema?

Ƙar. Ƙar-ƙar. Hoton ya tsaya. Ya kafe daidai da bayan hannu a baki, ido a kanne, fuskar roba na rataye a ɗaya hannun. Sautin talabijin ya ɗauke. Warin roba ya cika ƙuryar.

"Hajiya," in ji mai gyara, ƙasa-ƙasa, wayar na ɗage har yanzu. "Mun samu, duk ya shiga. Amma na'urar ta yi zafi. In kashe?"

Ba jan layi. Ba hagu, ba dama. Ta ci, ta cinye, ita kaɗai a duniya, kuma babban yatsanta ya ƙi sauka daga kan maɓalli. Ya kamata ta gaya wa yarinyar. Ya kamata ta ce, 'yar nan, ji kanki, ji… Ta buɗe baki. Mai Ihu, wadda mai gadi ya shigo wa da sanda, ko iska ba ta fito ba. Gajiya ce ta shekaru ta sauko lokaci ɗaya.

Talabijin shiru. Amma ana dariyar har yanzu, nan, a ƙasa, gefen ƙafarta… hm-hm-hm… kuka a ciki… hik…

Kar ka kashe tukuna. Bari ta gama.